INUWAR LABURARE: JAGORA GA IYAYE DA MALAMAI

Gabatarwa

Laburare, watau ɗakin karatu na jama'a, gida ne da hukuma ke tara littattafai da jaridu da mujallu a cikinsa domin kowane ɗan ƙasa ya je ya karanta, ko ya nemi bayani a kan abin da ya shige masa duhu. Da kuɗin jama'a ake gina shi, da kuɗin jama'a kuma ake biyan ma'aikatansa. Amma duk da haka mutane da yawa suna zaton wurin na ɗalibai masu shirin jarrabawa ne da manyan ma'aikata kaɗai. Saboda wannan zato sai a tarar yaro ya gama firamare bai taɓa taka ƙofar laburaren garinsu ba, ko da kuwa kullum ta nan yake wucewa.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa iyaye da malamai cewa harabar laburare, da itatuwanta da inuwarta, ita ce hanya mafi sauƙi ta saba wa ƙaramin yaro da littafi. Yaron da ya fara sanin laburare a matsayin wurin hutawa da jin labari a gindin itace ba zai ji tsoron shiga ciki ba in ya girma. An ɗauki garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowane gari na ƙasar nan da ke da ɗakin karatu, babba ko ƙarami.

Garin Lafiya da Ɗakunan Karatunsa

Lafiya tsohon gari ne, wanda Muhammadu Dunama ya kafa wajen ƙarshen ƙarni na 18. Asalin gidan sarautarsa daga Barno ne, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. A zamanin Turawa yana cikin Lardin Binuwai. A 1967 ya shiga Jihar Binuwai da Filato, a 1976 ya koma Jihar Filato, sa'an nan ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa mai ƙananan hukumomi 13, aka mai da shi babban birninta. Tun daga lokacin garin ke ta bunƙasa. Gidaje da shaguna da ofisoshi sun bazu a kan hanyoyin Akwanga da Makurɗi da Shendam da Doma, filayen da dā yara ke wasa a cikinsu kuwa suna ta raguwa.

Akwai bambanci tsakanin ɗakunan karatu, kuma ya kamata iyaye su san shi don kada su yi tafiyar banza. Na farko shi ne laburaren jama'a, wanda ke hannun Hukumar Laburare ta Jiha. Hedkwatar ta Jihar Nasarawa tana Lafiya. Irin wannan laburare shi ne na kowa da kowa, shi ne kuma ya fi dacewa da yara. Na biyu shi ne Laburaren Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1964, aka sake masa doka a 1970. Aikinsa adana abin da ake bugawa a Nijeriya da taimakon masu bincike, kuma a cikinsa ake karatu, ba a fita da littafi. Na uku su ne na manyan makarantu, kamar na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka buɗe a 2011, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustafa Agwai. Waɗannan na ɗalibai ne da malamansu, baƙo kuwa sai da izini.

Karatu a Inuwa Ba Baƙon Abu Ba Ne

Tun kafin zuwan boko mutanen ƙasar nan sun san karatu a fili. Makarantar allo a zaure ake yinta ko a gindin itace, manyan malamai kuma sau da yawa a ƙofar gida suke ba almajiransu karatun littattafai, a kan buzu da tabarma. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, mutum ɗaya kan karanta ta da ƙarfi a dandali, sauran jama'a suna saurare. Haka kuma azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da yawansu a inuwar itace aka yi su. Ɗakunan karatu da hukumomin En'e suka buɗe a garuruwan Arewa daga baya suka zo, suka tarar da wannan al'ada da ƙarfinta.

A wasu ƙasashen ma an gane amfanin haɗa littafi da lambu. A birnin New York na Amurka akwai wani lambu mai suna Bryant Park a bayan babban laburaren birnin. A 1935, lokacin da tattalin arziki ya karye mutane suka rasa aikin yi, aka fito da littattafai da mujallu cikin lambun domin duk mai so ya zauna ya karanta, ba tare da an tambaye shi kati ko kuɗi ba. An rufe wurin a 1944, aka sake buɗe shi a 2003. Darasin da ke nan shi ne, mutumin da ke jin nauyin shiga babban gini yakan ɗauki littafi in ya same shi a waje. To, in haka take ga babba, ina ga yaro ɗan shekara biyar?

Abin da Itatuwa Ke Yi wa Mai Karatu

Duk wanda ya zauna a Lafiya ya san zafin watan Maris, sa'ad da ma'aunin zafi kan wuce digiri 35 da rana, kafin ruwa ya sauka a watan Afrilu. Ɗaki mai rufin kwano yakan ɗauki zafi ya riƙe shi, in kuma aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, babba ma da ƙyar yake iya zama, balle yaro. Itace yana rage wannan zafi ta hanya biyu. Da fari ganyensa yana tare hasken rana, ba ya barin ƙasa da bango su gasu. Na biyu, saiwoyinsa suna jawo ruwa daga ƙasa, ganye kuma yana fitar da shi a matsayin tururin da ido ba ya gani. Wannan tururi yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta wurin zufar da take yi. Shi ya sa inuwar mangwaro ta fi inuwar rumfar kwano sanyi nesa ba kusa ba.

Har wa yau itatuwa da shingen shuke-shuke suna tare ƙurar hunturu, suna kuma raba mai karatu da hayaniyar titi. Littattafan da ke cikin gini su ma suna amfana, domin zafi da ƙura suna daga cikin abubuwan da ke sa takarda ta tsufa da wuri.

Akwai kuma maganar lafiyar ido. Likitocin ido sun tabbatar da cewa yaron da ke yawan zama a waje cikin hasken rana bai cika kamuwa da matsalar nan ta kasa ganin abu mai nisa ba, wadda ke sa yara ɗaukar tabarau tun suna ƙanana. Saboda haka a 2010 hukumomin ilmi na Taiwan suka umurci makarantu su riƙa barin yara a waje na awa biyu kowace rana. A yau da wayar hannu ta shiga kusan kowane gida, yara kuma suna ƙura mata ido a cikin ɗaki, awa ɗaya a harabar laburare magani ne da ba a sayensa da kuɗi.

Daga Gindin Itace Zuwa Kanta

Babban amfanin harabar laburare shi ne tana haifar da tambaya a zuciyar yaro, amsar kuwa tana nan cikin gini, taki kaɗan daga inda yake zaune. Yaro zai ga kurciya tana tsince-tsince, ya ga ƙadangare yana gyaɗa kai a jikin bango, ya ga malam-buɗe-littafi ya sauka a kan fure yana buɗe fukafukansa yana rufewa. Zai tambaya, "Baba, me yake ci? Ina yake kwana?" Uba mai hikima ba zai ce masa ya yi shiru ba. Sai ya ce, "Tashi mu je mu tambayi Malama, ta nuna mana littafin da ke maganarsa."

Yawancin laburaren jama'a suna jera littattafai bisa tsarin da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fito da shi a 1876. An kasa ilmi kashi goma, kowane kashi da lambarsa. Kimiyya tana lamba 500. A cikinta tsire-tsire suna 580, dabbobi suna 590, tsuntsaye kuma suna 598. Tarihi da labarin ƙasa suna 900. Yaro ɗan aji huɗu yana iya riƙe waɗannan lambobi. Ran da ya je da kansa ya samo littafin tsuntsaye a kanta mai lamba 598, ran nan ya koyi abin da zai amfane shi har jami'a, watau yadda ake neman ilmi ba tare da an jira wani ya ba da shi a baki ba.

Itatuwan da kansu darasi ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, asalinta daga Indiya ne, kuma a Barno aka fara shuka ta da yawa a ƙasar nan kafin ta bazu ko'ina. Mangwaro shi ma daga can Indiya da maƙwabtanta ya fito. Kashu da gwaiba da gwanda daga nahiyar Amurka suka zo. Ɗorawa da kaɗanya da maɗaci kuwa na gida ne. Da ƴaƴan ɗorawa ake daddawa, da na kaɗanya ake man kaɗe. Mahaifin da ya nuna wa ɗansa waɗannan itatuwa, sa'an nan ya shiga da shi ya nuna masa Indiya da Barazil a taswira, ya koya masa kimiyya da labarin ƙasa da tarihi a zama ɗaya. A gari kamar Lafiya, inda ake zaune da Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Fulani da Hausawa da Tibi, yara suna iya gwada sunan itace ɗaya a harsuna daban-daban, kowa ya ga cewa harshen ɗan'uwansa ma yana da ilmi a cikinsa.

Yadda Za a Shirya Ziyara

1. A fara zuwa ba tare da yara ba, a ga ma'aikacin laburare. A tambayi ranaku da lokutan buɗewa, da sashen yara, da ƙa'idar yin rajista, da ko an yarda a fita da littafi zuwa haraba. In ba a yarda ba, sai a zo da littafi daga gida.

2. A zaɓi lokaci mai sanyi. Da bazara hantsi ya fi, ko bayan la'asar. Da damina a duba hadari kafin a fita. Da hunturu a sa wa yara rigar sanyi.

3. A ɗauki tabarma, da ruwan sha, da takarda da fensir, da ƴar jaka ta zuba shara. Kowane yaro ya sa takalmi.

4. Kada ziyarar farko ta wuce awa ɗaya. Gara yaro ya tafi yana marmarin dawowa da ya tafi a gajiye.

5. A fara da zagaya haraba, a bar yara su duba su yi tambaya. Sa'an nan a zauna a karanta musu labari ɗaya da murya mai daɗi, ana tsayawa ana tambayarsu abin da suke tsammani zai faru. Littattafai irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam sun dace da yaran da suka ɗan tasa. Ƙanana kuwa littafi mai hotuna ya fi musu. Daga ƙarshe a shiga ciki, a gaisa da ma'aikata, a bar kowane yaro ya zaɓi littafi da hannunsa.

6. In makaranta ce za ta kai aji guda, shugabanta ya rubuta wa laburaren takarda tun da wuri, a kasa yaran ƙungiya ƙungiya, kowace da malami ko malama mai lura da ita.

Kada mahaifin da bai yi boko ba ya ce wannan ba nasa ba ne. Uwar da ba ta iya karatu ba tana iya yin tatsuniya, tana iya sa babban ɗanta ya karanta wa ƙannensa tana saurare, kuma ta fi yawancin ƴan boko sanin sunayen itatuwa da amfaninsu. Zuwanta kaɗai ya isa ya nuna wa yaro cewa abin nan yana da daraja a idon iyayensa. Haka kuma kada a tafi da maza a bar mata a gida suna talla ko wanke-wanke. Haƙƙin ƴa mace a laburare daidai yake da na ɗa namiji.

Tsare Lafiyar Yara

Fili mai itatuwa yana da nasa haɗari, amma duk ana iya kauce masa in an kula. Da damina ciyawa kan yi tsawo, maciji da kunama kuma suna ɓuya a cikinta da ƙarƙashin duwatsu da tarin busasshen ganye. Kada a bar yaro ya sa hannu a rami ko ya ɗaga dutse. In tsautsayi ya sa maciji ya sari yaro, a kwantar masa da hankali, a hana shi gudu, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada kuma a ɗaure da ƙarfi.

In hadari ya taso ana walƙiya da tsawa, a bar gindin itace a shiga cikin gini, domin dogon itace yana jawo aradu. A hana yara hawan mangwaro da jifansa, saboda karaya da fashin kai da fasa gilashin taga. Ɗanyen ƙwallon kashu yana da wani mai a ɓawonsa da ke ƙona fata da leɓe. Wasu furannin ado kuma ruwansu dafi ne, don haka a gargaɗi yara kada su sa wani ganye ko fure a baki. A tashi kafin magariba saboda sauro. Fiye da kome, kada a ajiye yaro a haraba a tafi kasuwa. Ma'aikacin laburare ba mai reno ba ne, alhakin yaro yana wuyan wanda ya kawo shi.

Ladabin Wuri

A haraba an yarda yaro ya yi magana, ya yi dariya, ya yi tambaya. Amma a tuna cewa bayan taga akwai masu nazari, wasunsu jarrabawa ce a gabansu. Ba a ƙwallo, ba a ihu, ba a kunna waƙa a waya. Ba a tsinke fure, ba a karya reshe, ba a rubutu a jikin itace ko bango. Ba a yar da ledar ruwa. Littafi kuma ba a ajiye shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba a taɓa shi da hannu mai maiƙo, ba a naɗe kunnen shafinsa. A wanke hannu kafin a ɗauka, a mai da shi ran da aka ce. Yaron da ya koyi kula da littafin da ba nasa ba ya fara koyon riƙon amanar dukiyar jama'a ke nan, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Filin Laburare Amana Ne

Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne ga kasancewar filin. A garin da ke bunƙasa kowane taki na ƙasa kuɗi ne. Idan ba wanda ke amfani da harabar laburare, sai ciyawa ta rufe ta, maƙwabta su mai da ita juji, masu motoci su mai da ita wurin ajiya. Daga nan sai a sami mai ba da shawara cewa tun da wurin a banza yake, gara a sare itatuwan a jera shaguna. Ana iya sare mangwaro mai shekara talatin a yini ɗaya, amma sai an jira wata shekara talatin kafin a sake samun inuwa irin tasa. Filin da aka yi gini a kansa kuwa ya tafi ke nan.

Abin da ya fi tsare irin wannan fili shi ne ƙafar jama'a. Wurin da ake ganin iyaye da yara kowane mako yana da wuya wani ya yi masa kwaɗayi. Bayan wannan, ƙungiyoyin iyaye da malamai, da na tsofaffin ɗalibai, da na matasa da mata, suna iya neman izinin hukumar laburare su yi gayya, su share, su shuka itatuwa da farkon damina, su sa musu kariya daga awaki, su shayar da su da rani har su kama. Masu hali suna iya ba da benci ko littattafan yara. Masu unguwanni da limamai da fastoci suna iya tuna wa jama'arsu. Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu, da Ranar Yara, 27 ga Mayu, da Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, 8 ga Satumba, duk lokuta ne da suka dace da irin wannan aiki. Ta 27 ga Mayu ta fi dacewa da dashe a ƙasar Lafiya, domin a lokacin ruwa ya zauna.

Inda kuma laburaren gari ba shi da itace ko ɗaya, wannan dalili ne na fara shukawa a bana. Mangwaron aure yakan fara ƴaƴa cikin shekara uku zuwa biyar, darbejiya kuma tana saurin ba da inuwa. A nisanta dashe daga jikin gini don kada saiwa ta fasa harsashi.

Kira ga Jama'a

Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 har zuwa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, manufar Gwamnatin Tarayya ita ce kowane yaro ya iya karatu da rubutu. Makaranta tana koya wa yaro haɗa baƙi, amma son karatu sai gida da gari sun taimaka. Ana roƙon kowane uba da kowace uwa, a Lafiya da sauran garuruwan ƙasar nan, su nemi inda laburaren garinsu yake, su ware awa ɗaya a mako, su kai ƴaƴansu maza da mata. Ana roƙon malamai su sa wannan ziyara cikin tsarin aikinsu na kowane zango. Ana kuma roƙon hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi su kewaye filayen ɗakunan karatu, su tanadi ruwa da makewayi mai tsabta, su hana a taɓa itatuwansu. Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi Hukumar Laburare ta Jiha ko ofishin ilmi na ƙaramar hukuma mafi kusa.